Rubutun Gau Ren a Bayan Magangara

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa ya kafa mata duwatsu, ya saki koguna suka bi inda ya nufa, ya koya wa ɗan Adam riƙon alƙalami. Bayan haka, ya ku masu saurare, ni ne Barmo ɗan Jatau, mai juyar littattafai, wanda ya bar garinsu da baƙin gemu ya komo da fari. Na ƙetare teku mai tafasa kamar tukunya, na sauka a tsibirin da mutanensa ke kiwon kifi yadda muke kiwon tumaki, amma ban taɓa jin mutuwa ta hura mini iska a ƙeya ba sai a kwazazzabon Kogin Yun, can ƙurewar ƙasar Sin.

Ga yadda abin ya faro. Na yi shekara biyu a wani birni na bakin teku ina yi wa wani mai sayar da takarda aiki, har harshensu ya zauna a bakina. Rannan na shiga ɗakinsa na ciki, sai na ga wata baƙar takarda rataye a bango, a tsakiyarta harafi ɗaya fari fat, girmansa ya kai garkuwa. Ni da na tashi cikin tawada, ban taɓa ganin hannu irin wannan ba. Layin ya faɗo daga sama kamar sarar takobi, ya zo tsakiya ya yi rawa kaɗan, sannan ya ƙare a tsaye cak. Na tambayi maigidana wa ya yi shi.

Ya ce, "Hannun Gau Ren ne, sarkin yaƙin da ya ƙone birane arba'in, shekara ɗari shida da suka wuce. Da ya mutu, maƙiyansa suka tattara duk abin da ya rubuta suka cinna masa wuta. Uku ne kawai suka tsira, don a jikin dutse aka sassaƙa su, a kwazazzabon Yun. Kada ka je, Barmo. Mutanen can ba sa zaman lafiya."

Kwana uku da wannan magana na ɗaure kayana.

Na yi kwana arba'in ina tafiya kafin duwatsu su rufe ni. A nan babu hanya a ƙasa. Mutanen dā sun huda bangon dutse, suka soka gumagumai, suka shimfiɗa katako a kai, faɗinsa bai wuce kamu biyu ba. Hagu dutse, dama sarari, can ƙasa kogi yana ruri. Wasu fararen birai suna bina daga sama suna kuka irin na mata a gidan rasuwa. Ina tafe ina lallaɓa bango, sai na ji murya daga ƙarƙashin ƙafata.

"Kai mai rawani, ɗaga ƙafarka daga igiyata!"

Na leƙa, sai ga wata tsohuwa a cikin kwando, tana reto a kan ramin nan kamar tana zaune a tsakar gidanta. Sunanta Shu, ni kuwa Inna nake ce mata. Sana'arta ɗebo rubutu daga jikin dutse. Takan jiƙa takarda mai laushi ta manna a kan rubutun, ta bubbuga da burushi har takardar ta shige cikin kowane rami na sassaƙar, ta jira ta sha iska, sannan ta riƙa danna mata ƙullin tsumma mai tawada. Takarda ta yi baƙi, rubutu ya fito fari. Irin wadda na gani ke nan a birnin bakin teku.

Na zauna wurinta wata guda ina ja mata igiya, ita kuma tana koya mini. Ta nuna mini rubutu na farko, wanda ke cewa, "A nan na tsaya." Ta nuna mini na biyu, mai cewa, "Kibiya ta ƙare, rana ba ta faɗi ba." Ta ce Gau Ren da bakin mashi yake rubutu, ya naɗe shi da tsumma ya tsoma a tawada, masassaƙa su bi sawunsa da ƙarfe. Rawar da layinsa ke yi a tsakiya kuwa, kibiya ce ta taɓa samunsa a kafaɗa.

Na ce, "Inna, na ukun fa?"

Ta ci gaba da niƙa tawadarta kamar ba ta ji ba. Can ta ce, "Yana bayan magangarar ruwa. Ba a ganinsa sai an toshe madatsar da ke sama. Bara Hakimin garin da ke sama ya sa aka zura mijina ya ɗebo masa shi. Takarda ta hau, mijina bai hau ba. Sun ce igiya ce ta tsinke. Ni na tufka igiyar nan da hannuna, ɗana."

Na karɓi niƙan tawadar daga hannunta.

Da hantsin wata rana muna shanya takardu, sai ga mayaƙa goma a kan hanyar katako. Shugabansu, wani dogo mai tabo a leɓe da ake kira Barde Ten, ya dube ni ya ce, "Kai ne baƙon da ya san rubutu? Hakimi na kira. Ke ma tsohuwa, taho."

A hanya na fahimci abin da ke ƙasa. Garuruwa biyu ne ke shan Kogin Yun, Tudun Yun a sama da Gangaren Yun a ƙasa. Hakimin Tudu, Bo Kang, ya ce manomansa sun tono wani allon dutse mai ɗauke da hannun Gau Ren, wanda ke cewa, "Ruwan Yun na Tudu ne, kada ruwa ya sauka sai da izininsu." Mutanen Gangare sun ce ƙarya ce, sun tara matasansu, kowa da mashinsa. A al'adarsu kuwa, irin wannan gardama ba mai raba ta sai wanda ba shi da dangi a ɓangare ko ɗaya. Ga ni, Allah ya kawo.

Bo Kang ƙaramin mutum ne mai sanyin murya. Ya tarbe ni da shayi, ya kai ni gaban allon da kansa, dattawan Gangare uku suna tsaye a gefe. Na durƙusa na duba. Hannun ya yi kama ƙwarai, har rawar nan ta tsakiya tana nan. Amma kalmar ruwa, wadda a rubutunsu harafi ɗaya ce, ta zo sau biyu, kuma da na auna su da ɗan yatsa sai na gane allon jabu ne. Ba su bambanta ko da ƙwayar gero ba. Na shekara ashirin ina juyar littattafai, na sani babu hannun da ke rubuta harafi sau biyu ya fito iri ɗaya, balle mai rubutu da mashi.

Bo Kang ya sunkuyo kusa da kunnena yana murmushi, yadda dattawan za su zaci gaisuwa ce.

"Malam, jibi za ka rantse a gaban jama'a cewa hannunsa ne. In ka yi haka, zan sa a raka ka har bakin teku. In harshenka ya karkace, tsohuwar nan za ta riga ka sauka ƙasan kwazazzabo, kana kallo."

Na miƙe na ɗaga murya yadda dattawan za su ji, na ce, "Ranka ya daɗe, rubutun Gau Ren biyu kawai na gani, kuma babu kalmar ruwa a cikinsu. Ba zan iya rantsuwa ba sai na ga na ukun da idona."

Babban dattijon Gangare ya buga sandarsa a ƙasa ya ce, "Baƙo ya yi gaskiya. A toshe madatsa."

Bo Kang ya juyo gare ni. Sannan ya ce, "To, madalla. Gobe za a zura ka."

Aka bar mu ni da Inna Shu mu haɗa kayan aiki, mai gadi yana bakin ƙofa. Tana naɗe takardu tana magana ƙasa-ƙasa, ba ta ko ɗago kai.

"Ba zai bari ka hau ba. Saurara. Mijina ya taɓa gaya mini, shi ma daga kakanninsa ya ji, masassaƙan dā sun bar zoben ƙarfe a dama da rubutun, a bakin wani lungu. Da ka sauka, kwance igiyarsu daga jikinka, ka ɗaure kanka a zoben da rawaninka. Ga gora, na toshe gindinta. In ka gama, cusa takardar ciki ka liƙe da kakin nan."

Na ce, "Daga nan fa, Inna?"

Ta ce, "Daga nan ban sani ba."

Tun da sassafe suka toshe madatsa. Da rana ta take tsaka, magangarar da ke ruri kamar aradu ta koma 'yan ɗigo, bangon dutse ya bushe. Jama'ar garuruwan biyu suka cika hayi. Aka sa ni a kwando, mutanen Hakimi huɗu suka riƙa sako igiya. Na sauka gaba ashirin, talatin, har muryoyin mutane suka ɓace, sai ga shi a gabana.

Ya ku masu saurare, na ga rubutun sarakuna da na malamai, amma wannan dabam ne. Haruffa goma sha biyu, kowane faɗinsa ya kai ƙirjin mutum, kamar wanda ya yi su yana faɗa da dutsen ne. Na nemi zoben, na same shi ya yi tsatsa amma yana nan daram. Na taka ɗan doron da ke bakin lungun, na kwance rawanina na ɗaure ƙuguna, na saki kwando yana reto.

Da na waiwaya cikin lungun sai na gan shi. Ƙasusuwan mutum ne a zaune, ya jingina da bango, jakar kayan aiki a cinyarsa. Guntuwar igiya na ɗaure a ƙugunsa, bakinta a yanke sumul, yankan wuƙa. A bango kusa da kansa akwai 'yan layuka da aka karce da ƙarfe. Na ƙirga, tara.

Ban tsaya ba, don na san lokaci ba nawa ba ne. Na jiƙa takardu na manna, na bubbuga. Sai jira. Takarda ba ta karɓar tawada sai ta sha iska, in ka yi gaggawa ta jagwalgwale. Na tsaya ina kallon ta tana fari sannu a hankali, kunnena yana sama. Na fara danna tawada. Harafi na ɗaya, na uku, na bakwai. Ina kan na goma sai wani ɗigo mai sanyi ya faɗo mini a wuya. Sannan na ji ƙarar katako daga sama, irin ta ƙofa mai nauyi in ana jan ta.

Na danna biyun ƙarshe ba ko numfashi, na ɓamɓaro takardun na cusa a gora, na toshe da kaki, na faɗa cikin lungu. Ruwa ya sauko kamar an kifar da sama. Kwandon ya tafi ko ƙararsa ban ji ba. Iskar ruwan ta fizge ƙafafuna waje, na yi reto a kan rami, ba abin da ke riƙe da ni sai rawani da zoben da ya shekara ɗari shida. Na ji zaren yana ɗaiɗaicewa. Na kama dutse da farce, na ja jikina, na ja, har na kife a kan ƙasusuwan mijin Inna.

Na daɗe a kwance ina haki. Gaba bangon ruwa, baya dutse. Na dubi layukan nan tara, na san abin da ke jirana.

Abin da ya cece ni tsuntsaye ne. Da la'asar sai na ga tsattsewa suna shigowa ta gefen ruwan, su wuce ta kaina su ɓace a rufin lungun, ba sa dawowa. Na ce a raina, tsuntsu ba ya shiga inda babu mafita. Na taka bango na laluba, sai ga wata tsaga a sama, ba ta fi faɗin kafaɗa ba. A nan na gane abin da ya hana mamacin fita, don ƙashin cinyarsa a karye yake. Na rataya jakarsa da gorata, na cusa kai.

Na yi rarrafe a cikin cikin dutse har gwiwoyina suka saɓule. Tsagar ta buɗe ta zama kogo mai faɗi kamar kasuwa, wani gansakuka a bango yana ba da haske kore, a ƙasa tafki cike da fararen kifaye marasa idanu. Da na tsoma ƙafa suka yo kaina suna tsattsagar raunukana. Na kutsa ruwa har wuya, gora a kan kaina, ina bin kashin tsuntsaye a kan duwatsu. Ban san iyakar abin da na ɗauka a ciki ba. Na dai fito ta wani rami a cikin gonar gora, rana tana fitowa, na ji ana buga ganga a dandalin Tudu.

Na isa na tarar da dandali ya rabu biyu, mayaƙan Tudu a nan, na Gangare a can, allon dutse a tsakiya. Inna Shu tana durƙushe, hannuwanta a ɗaure. Bo Kang yana tsaye a kan dakali yana cewa, "Kun gani da idonku. Baƙo ya yi shakkar maganar Gau Ren, Gau Ren ya fasa madatsa ya haɗiye shi. Wace shaida kuke nema kuma?"

Na ratsa mutane, ba rawani, jini da laka har gira. Mata suka yi kururuwa suna ja da baya. Na ce, "Ranka ya daɗe, ga ni. Ban rantse ba tukuna."

Bo Kang ya juya ga Barde Ten. Ya ce, "Barde, wannan ba mutum ba ne. Soke shi."

Barde Ten ya tako ya ɗora mini tsinin mashi a ƙirji, har na ji sanyinsa. Na ce, "Barde, kai da mayaƙanka da sunan Gau Ren kuke rantsuwa kafin ku fita yaƙi. Hannunsa na cikin gorar nan. Ka duba tukuna, ƙirjina ba inda za shi."

Bai janye mashin ba, amma ya ce wa na bayansa, "Kwance tsohuwar."

Inna Shu ta manna takarda a kan allon Hakimi ta ɗebo kalmar ruwa guda biyun, dandali tsit, ba ka jin komai sai bugun burushinta. Na fasa kaki na zaro tawa. Na ɗora su ukun a kan juna, na ɗaga su ga rana. Haske ya ratso ta cikin farin, harafi ɗaya tak ya fito, ba gefen da ya leƙo.

Na ce, "Barde, ɗauki mashinka ka rubuta sunanka sau uku a ƙasa, ka ga ko za su hau kan juna haka. Sannan dubi wannan ɗan layin da ke gefe. A bayan magangara ba rubutu ba ne, tsagewar dutse ce, ta wuce harafin ta yi ƙasa, ga ta nan a takardata. Wanda ya sassaƙa allon nan bai taɓa ganin dutsen ba. Takarda aka ba shi, ya kwaikwayi har tsagar."

Barde ya karɓi takardun ya ɗaga da kansa. Ya bi tsagar da ido. Sannan ya ce, "Tsohuwa, ni ban iya karatu ba. Me ainihin rubutun ya ce?"

Inna Shu ta shimfiɗa takarduna a ƙasa, ta bi su da yatsa, ta karanta da ƙarfi: "Na kashe dubu goma a kan ruwan nan. Ya wuce, bai san sunana ba."

Bo Kang ya daka tsawa, "Na ce ka soke shi! Ku soke su duka!" Ya fizgi takobin wani mayaƙi ya duro daga dakali ya yo kaina. Ban ga lokacin da Barde ya juya ba, na dai ji ƙarar gindin mashi a kan wuyan hannun Bo Kang, takobi ya yi tsalle ya faɗi gaban dattawan Gangare. Barde ya taka shi da ƙafa.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, ƙannena biyu suna cikin sahun nan. Da yau za su mutu a kan dutsen da ka sa aka sassaƙa bara."

Ya kifar da mashinsa, tsini a ƙasa. Na kusa da shi ya yi haka, na gaba ma haka, har abin ya ƙetara sahun Gangare. Aka ɗaure Bo Kang da igiyar da aka kwance daga hannun Inna, dattawan garuruwan biyu suka shige da shi zaure. Na ji daga baya sun kore shi ta hanyar katako, shi kaɗai, ba ko takalmi.

Da mutane suka watse, na sauke jakar nan daga kafaɗata na ajiye a gaban Inna Shu. Ba ta taɓa ta ba. Ta dubi ɗinkin bakinta kawai, ta gane.

Ta ce, "Igiyar?"

Na ce, "Yanka ta aka yi, Inna. Da wuƙa."

Ta gyaɗa kai. "Nan take ya cika?"

Na so in ce e. Kalmar ta zo har bakina. Amma matar nan ta ba ni zoben da ya riƙe raina, ban ga yadda zan biya ta da ƙarya ba. Na ce, "Ya kai lungun, ƙafarsa a karye. Ya yi kwana tara."

Ta rufe ido. "Kwana tara. Ina zuwa bakin hayin nan kullum ina kiran sunansa. Ruwa ne ya hana ni jin amsarsa." Ta share fuska da bayan hannu, ta miƙe, ta nufi Barde. "A sake toshe madatsa gobe. Zan je in ɗauko shi."

Barde ya ce, "Inna, ki bari in zura samari."

Ta ce, "Shekara arba'in ni ke zura shi, ni ke jawo shi. Ba wanda zai ɗauko shi sai ni."

Washegari garuruwan biyu suka fito, mutanen Tudu da na Gangare suka tsare madatsa tare. Ta shiga kwando da farin ƙyalle a cinyarta. Mayaƙa suka miƙo hannu za su kama igiya, ta ce a'a, ta nuna ni. Tafukana duk a saɓule suke, amma na naɗe su da tsumma, na kafa ƙafa a dutse, Barde ya riƙe ni ta baya. Na sake ta gaba talatin. Muka jira har inuwa ta juya. Sannan igiya ta motsa sau biyu, na fara ja, kwandon bai fi yadda ya sauka nauyi ba sai kaɗan.

Iyakar abin da na gani ke nan a Kogin Yun, na kuma faɗe shi yadda ya auku. Wanda ya saki koguna Shi ya fi kowa sanin sauran.